Ranar da Manaja Ya Haɗiyi Zare

Shagona da na Anti Tela bango ɗaya ne ya raba su, bangon ma na katako, har idan ta yi atishawa ni ke ce mata sannu. Ni robobi da kwanuka nake sayarwa. Ita kuwa ɗinki take yi a ɗan lungun da ke ƙarƙashin matakalar benen, wurin da bai fi a shimfiɗa katifa biyu ba. Teburin yanka yana jikin bango, keken ƙafa yana bakin ƙofa inda haske ya fi faɗowa, keken lantarki yana can ciki an lulluɓe shi da tsohon labule saboda ƙura, a ƙarƙashin tebur kuma akwai kwali cike da ƙyallaye. Kowa a layin Anti Tela yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Mijinta ma idan yana jin tsokana haka yake kiranta.

Ba ta yi nisa a karatu ba. Ƙanwar mahaifiyarta ce ta koya mata ɗinki, wata mace mai zafin rai wadda za ta sa ki warware riga sukutum don kalmasa ta ɗan karkace. Anti Tela ta gaji tsabtar aikin, faɗan ne ba ta gada ba. Da gyara ta fara: rage ƙugun wando, sauya zif, juya wuyan rigar da ya cinye. A hankali mata suka gane tana da hannu, suka fara kawo mata sabon yadi. Da keken ƙafar nan ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta a shekarun da mijinta yake tuƙa babbar mota, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida yawa. Na san ta da haƙuri, na san ta da dariya, amma abin da na fi saninta da shi shi ne ba ta roƙo. Ta gwammace ta yi girki ba gishiri da ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya. Ko wuƙa ta ara a wurina, sai ta dawo da ita an wasa.

Yara suka girma suka watse, wannan ta yi aure, wancan aiki ya kai shi wani gari. Ciwon gwiwa ya sauke maigidan daga mota, ya dawo yana zaman benci a ƙofar shagon da rediyonsa, sunan Direba kuwa ya bi shi har yau. A wannan tsakanin ne ɓeraye suka addabi layinmu. Ni robobina ba su dame su ba, amma ita sai da suka huda mata yadin wata mata mai tsada, ta biya ba ta ce uffan ba. Ba a jima ba, wata safiya ana yayyafi, ta zo buɗe shago ta tarar da ɗan muzuru a rakuɓe a jikin matakala, ya jiƙe sharkaf, haƙarƙarinsa duk a waje. Ta goge shi da ƙyalle ta sa shi a kwalin.

"Na ɗan lokaci ne," ta ce mini. "Ya yi ƙwari ya kama gabansa."

Bai kama gabansa ba, teburin yanka ya kama. Ya girma ya zama ƙato, ruwan toka da farin wuya. Duk yadin da aka shimfiɗa sai ya hau ya zauna a tsakiya, ya naɗe wutsiya, yana bin almakashi da ido kamar mai jiran a yi kuskure. Wata mai kawo ɗinki ce ta dube shi rannan ta ce, "Anti, wannan manajan naki ba ya fara'a ne?" Shi ke nan, suna ya zauna.

Direba kuwa tun ranar farko ya ɗaura yaƙi da shi. Akwai matashin da Anti Tela ta ɗinka masa na zaman benci saboda bayansa. Da ya miƙe shan ruwa, kafin ya dawo Manaja ya haye ya miƙe ƙafa.

"Anti Tela, ki yi wa ma'aikacinki magana. Ni ba sa'ansa ba ne."

"Kai ma ka san ba ni da iko da shi. Shi ne manaja."

"Cima-zaune dai. Tun da ya kori ɓerayen nan bai sake ɗaga ko tsinke ba."

"To kun zama ku biyu ke nan," ta ce, ko ɗagowa daga kan keke ba ta yi ba.

Da rana ta take, Direba ya koma gida ya kishingiɗa, layi ya yi tsit, sai in riƙa jiyo ta tana hira. Tana ba Manaja labarin 'yar autarta da ta rage kiran waya, da idonta da ya fara yi mata hazo wajen zura allura, da mai yadin da ya sake ƙara kuɗi. Takan yi tambaya ta ɗan jira, sannan ta ce, "Ai kuwa gaskiyarka." Ban taɓa gaya mata ina ji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata safiya na ji shagon shiru, ba ƙarar keke. Na leƙa na same ta a durƙushe, kanta a ƙarƙashin tebur.

"Lafiya, Tela?"

"Maƙwabciya, zo ki gani. Tun jiya ya ƙi cin komai. Sai amai, aman ma kumfa ce kawai."

Manaja yana can lungun kwali ya dunƙule, gashinsa ya tashi, idanunsa sun faɗa. Ta jawo shi a hankali. Da ya buɗe baki yana kakari sai muka hango wani jan abu siriri a gefen harshensa. Zare ne. Ta kama bakin zaren da farce ta ɗan ja, sai ya saki wani irin kuka da ban taɓa jin mage ta yi ba, ya ƙanƙame jikinsa. Ta saki da sauri kamar ta taɓa dutsen guga.

"Na shiga uku. Ya yi nisa ciki."

Na ɗauko kwandon wanki na roba daga cikin hajata, muka shimfiɗa tawul, muka sa shi muka rufe da wani kwandon. Direba yana tsaye da sandarsa yana kallo.

"Ina kuma za ku kai shi?"

"Asibitin dabbobi."

"Asibiti? Ikon Allah. Ni da gwiwata ta kumbura, man zafi kika shafa mini."

Na rufe shagona na bi ta, muka tari tasi.

Ni da ita ba wadda ta taɓa taka irin wurin nan. Ɗakin jira ne madaidaici, ƙasa da tayil, warin maganin kashe ƙwayoyin cuta ya cika shi. Ga benci dogo, ga sikeli a ƙasa, ga wani mutum rungume da zomo, ga wata tsohuwa da aku a keji yana ta kwaikwayon ƙarar waya. A bayan kantar karɓar baƙi akwai wata matashiyar mata mai tabarau, ita ke karɓar mutane. Da ta ji kalmar zare sai ta miƙe ta shigar da mu ba tare da mun bi layi ba.

Likitar mace ce, gajera, mai sanyin murya. Ta lallatsa cikin Manaja, ta haska bakinsa da 'yar tocila, ta sa aka ɗauki hoton cikinsa. Da ta dawo sai ta jawo kujera ta zauna daf da Anti Tela.

"Mama, wace sana'a kike yi?"

"Ɗinki, Likita."

"To zancen zai zo da sauƙi. Kin san yadda ake tattara a ƙugun siket? A zura zare, a riƙe baki ɗaya, a ja, yadi ya taru?"

"Na sani."

"Abin da ke faruwa a cikinsa ke nan. Bakin zaren ya naɗe a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce hanji. Hanjin yana ƙoƙarin tura shi, shi kuma ya ƙi tafiya, sai hanjin yake tattaruwa a jikinsa. In aka bar shi, zaren zai yanka. Kin kyauta da ba ki ci gaba da ja ba."

Anti Tela ta dafe ƙirji. "To yaya za a yi?"

"Tiyata, kuma yau. Kun zo da wuri, ina sa ran zai tashi."

Sannan ta faɗi abin da aikin zai ci. Ta faɗa a hankali, kanta a ƙasa, kamar ita ce mai laifi. Ba sai na maimaita adadin ba. Ya isa dai a ce ko an haɗa cinikina da nata na wata da watanni ba zai tashi ba. Anti Tela ta tambaya ko akwai wata hanya. Likita ta ce akwai allurar da ake yi wa dabba ta yi barcin da ba ta farkawa, don kada ta sha wuya, amma ba ta so a fara wannan maganar tukuna. Ta ce za ta sa masa ƙarin ruwa yanzu, mu je mu yi shawara.

A waje, a gindin wata bishiya kusa da inda ake ajiye motoci, Anti Tela ta ciro waya ta kira wani dillalin kekuna da ya daɗe yana zawarcin kekenta na lantarki.

"Tela, kina cikin hankalinki?" na ce. "Da wannan keken kike aikin da ke kawo kuɗi. Na ƙafar bayanki yake kashewa."

"Da na ƙafar na fara."

"Da kika fara shekarunki nawa?"

Ta juya mini baya. Dillali kuwa, da ya ji muryar mai matsuwa, sai ya yi tayin da ko kunyar Allah babu. Ko an sallama masa, kuɗin ba za su kai ko'ina ba. Ta kashe waya ta zauna a kan dakalin fulawa, ta zuba tagumi. Na ce zan kawo abin da ke akwatin shagona, ta girgiza kai. Na ce a kira yara, ta ce kowannensu da nasa nauyin, ba za ta ɗaga wa ɗa hankali a kan mage ba. Daga nan sai hawaye suka fara bin gefen hancinta tana sharewa da bakin mayafi.

Muna nan sai ga matar nan mai tabarau ta fito da ruwa a kofi. Ashe tagar da ke bayan kantarta a buɗe take.

"Mama, ki yi haƙuri, ba sauraro na zo yi ba, amma na ji. Kada ki sayar da keken."

Ta tsuguna a gabanta ta yi mata bayani. Akwai wata ƙungiya ta masu kiwon dabbobin gida da suka kafa asusu, asibitin yana aiki da su. Idan dabba tana cikin haɗari, kuma aikin zai iya cetonta, mai ita kuma ba shi da hali, Likita takan kira su, su ɗauki mafi yawan kuɗin. Mai dabba ya kawo abin da zai iya. Ba bashi ba ne, ba a dawowa a ce a biya.

Ni da na ji haka sai da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Amma da na dubi fuskar Anti Tela na san da sauran aiki.

"'Yar nan, na gode. Amma wannan ai bara ce."

"Ba bara ba ce, Mama."

"Mutane suna kwance a asibiti ba kuɗin magani, ni in miƙa hannu don mage? Da wane ido zan dubi jama'a? A ba mabukata."

"Mama, masu zuba kuɗin nan don wannan suka zuba. Ko kin ƙi karɓa ba wani wuri za a kai su ba, za su jira dabba ta gaba ne. Akwai wani dattijo da karensa ya mutu a nan shekarun baya saboda ya yi jinkirin kawo shi, yana ta neman kuɗi. Tun daga lokacin duk wata sai ya zo ya ajiye ɗan abin da ya samu. Ba mai kuɗi ba ne. Abin da kawai yake tambayata shi ne, an ceci wani?"

Anti Tela dai kai take girgizawa. Na san halin kayana. Na fara tunanin da kwandon nan za mu koma babu kowa a ciki.

Sai ga tasi ta tsaya a bakin ƙofa. Aka daɗe ana fama kafin wata ƙafa ta sauko, sannan sanda, sannan Direba. A hammatarsa ya maƙalo matashin bencinsa.

"Baban yara, me ya fito da kai da wannan gwiwar?"

"Zaman ne ya ishe ni." Ya kauda kai. "Na ce ko za su bar shi ya kwanta a kan wannan. Tun da dai ya riga ya ƙwace."

Na ba shi labari a gurguje. Ya saurara, ya nemi wuri a dakalin ya zauna da ƙyar kusa da matarsa, ya miƙe ƙafar mai ciwo.

"Maman yara, bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba don kada ki hana ni fita. Mota ta sha mace mini a dokar daji, ba gida gaba ba gida baya. Wani da ban san daga inda ya fito ba zai tsaya, ya ba ni mai, ko ya ja ni zuwa gari. Wani ko sunansa ban tambaya ba. Da na ce ni ba na karɓa, da yanzu kin daɗe da zama bazawara."

"Wannan daban."

"Ina bambancin? Motarki ce ta mutu, ga mai mai ya tsaya. Kuma ke nawa kika yi wa gyara kyauta a layin nan? Kin ɗauke su mabarata?"

Ta kauda kai, shi kuma ya ci gaba.

"To in kunya kike ji, ni ba ni da ita. 'Yata, kira su. Ki ce ga wani tsoho yana roƙo a madadin abokin gabarsa."

Dariya ta kuɓuce wa Anti Tela a tsakiyar kuka. Ta ɗan doki kafaɗarsa.

Muka koma ciki. Likita ta kira ƙungiyar da kanta, ta yi musu bayanin ciwon, sannan ta ce mai kula da asusun tana son magana da mai dabbar. Direba ya miƙa hannu, amma Anti Tela ta riga shi. Ta karɓi wayar da hannu biyu. Muna jin amsoshinta kawai. E, ɗinki take yi. A'a, maigidan ya daina aiki. Tun yana ɗan mitsitsi yake wurinta. Sai muka ga tana saurare, can ta ce, "Na yi niyyar sayarwa." Ta ci gaba da saurare. Daga baya ta gaya mini abin da matar ta ce: ba sa yarda mutum ya sayar da abin sana'arsa, domin idan Manaja ya warke ma ai sai an ci gaba da ciyar da shi. Abin da ake so kawai, ta faɗi abin da za ta iya kawowa ba tare da an kwana da yunwa a gida ba, komai ƙanƙantarsa.

Ta faɗa, muryarta can ƙasa. Aka ce ya yi. Ta miƙa wa Likita wayar, ta jingina da bango, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kamar wadda aka sauke wa buhu daga ka.

Jiran tiyatar ne ya fi komai tsawo. Mai zomo ya tafi, tsohuwa mai aku ta tafi, wasu suka zo suka tafi. Anti Tela tana zaune tana murza bakin mayafi, leɓunanta suna motsi. Direba ya kasa zama. Ya karanta duk abin da aka manna a bango, ya hau sikelin dabbobi ya auna kansa, mai tabarau ta ce nauyin ya yi daidai da na ɗan maraƙi, ya ce ai ya rame ne. Duk sanda aka buɗe wata ƙofa sai mu miƙe mu uku a tare.

Rana ta yi sanyi sannan Likita ta fito, ta zame abin rufe hanci, tun kafin ta yi magana na ga haƙoranta.

"Mama, an gama. Hanjin bai huje ba. Yana barci, amma ya fara motsa kunne."

Anti Tela ta koma kan benci daɓas. Ta rufe fuska da tafin hannu tana ta godiya ga Allah. Direba ya juya yana kallon bango, yana gyaran murya, wai warin magani ne ya shiga masa ido.

Likita ta nuna mana zaren a cikin ɗan faranti. Tsawonsa ya ba ni tsoro. Anti Tela ta matso da fuska ta ƙura masa ido.

"Jan zaren rigar matar mai fenti ne! Na neme shi sama da ƙasa. Har na ce Baban yara ne ya ɗauka ya ɗaure eriyar rediyo."

"Kin ji ko, Likita?" in ji Direba. "Ni aka ɗora wa sata, ga ɓarawo a kwance ana masa fifita."

Da aka sallamo Manaja, an aske masa ciki, an kuma sa masa wani abin roba a wuya mai kama da mazurari don kada ya lashi ɗinkin. Wannan abu ya zame masa azaba. Ya buga shi a ƙafar tebur, ya buga shi a ƙofa, ya kasa kai baki kwanon abinci, ƙarshe ya je lungu ya juya wa duniya baya. Anti Tela ta dube shi ta kasa jurewa. Ta ɗauko tef ta auna shi daga wuya zuwa gindin wutsiya, ta zaɓi ƙyalle mai laushi mai ɗan miƙewa, ta yanka ramukan ƙafafu, ta jera maɓallai a gadon baya inda bakinsa ba zai kai ba. Kafin ta cire mazurarin sai da ta kira Likita ta tambaya. Aka ce ta gwada, amma ta sa ido. Da yamma sai ga Manaja a kan teburin yanka cikin riga mai ratsin shuɗi, ya haɗe rai. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya.

Ba kowa ne abin ya burge ba. Mai fenti na layinmu ya tsaya a ƙofa yana riƙe haɓa.

"Tiyata don mage, Anti? Har da asusu? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Na zaci za ta sunkuyar da kai. Sai ta ɗago ta dube shi.

"Rai ne, mai fenti. A hannuna aka ba ni amanarsa, zarena ne kuma ya kusa kashe shi. Waɗanda suka taimake ni ba su tambaye ni abin da kake tambaya ba."

Ya yi 'yar dariya ya wuce. Ita kuma ta shigo shagona ta zaɓi robobi masu murfi, ta kwashe duk wani zare da allura ta zuba ciki. Na ce ta bar kuɗin, ta ajiye mini su a kan kantar shagon ta fita. Wani halin sai kabari. 'Yar autarta da ta ji labari ta kira tana faɗa don me ba a gaya mata ba, suka yi ta hira har batirin wayar ya mutu.

Ranar cire ɗinki na sake raka ta. Likita ta ɓalle maɓallan rigar tana dariya, ta kira abokan aikinta su zo su gani. Anti Tela kuwa ta gyara tabaran zura allurarta ta duƙa tana duban cikin Manaja.

"Likita, wa ya koya miki ɗinki?"

"A makaranta, Mama. Da matsala?"

"Babu. Hannunki yana da kyau, tazarar ta tafi daidai. In aikin nan ya ishe ki, ki zo, akwai wuri a shagona."

Likita ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta ce da gaske, dabbobi da yawa suna wahala da mazurarin nan, rigunan da ake sayarwa kuma suna da tsada, masu zuwa ta hanyar asusu ba sa iya saya. Ko za ta iya ɗinka musu wasu? Za a biya.

"Ƙyallaye ne fa, zubar da su nake yi. In kin kawo maganar biya mun ɓata."

Tun daga nan, duk ranar da aiki ya yi sauƙi, sai ta jawo kwalin ta yanka ƙananan riguna, wasu masu fure, wasu masu ratsi, ta tara a leda ta aika. Ba ta taɓa cewa tana ramawa ne ba, ni ma ban taɓa cewa ba. Abin da na lura shi ne ta fi da sakin jiki. Rannan har ta leƙo ta ce in sam mata sukari, nata ya ƙare. Na kusa faɗuwa daga kan kujera.

Kwanan baya Likita ta aiko da wani mutum, mai gadin wata ma'aikata, wanda aka yi wa karensa aiki a ciki. Babu rigar da ta shige shi, sai an auna. Da mutumin ya iso layinmu riƙe da sarƙa, na ga kare kamar ɗan jaki, baƙi wuluk, harshe a waje. Ashe Anti Tela, duk shekarun nan da muka yi tare, ban san tana mutuwar tsoron kare ba. Kafin in ƙifta ido ta haye kan kujerar keke, tef a hannu. Manaja ya riga ta, yana can saman kantar yadi ya kumbura ya zama biyu.

"Malam, tsaya daga nan! Daga nan ma ina gani!"

"Ba ya cizo, Mama. Tsoho ne, haƙoransa ma sun zube."

"Na yarda. Ya zauna da sauran a can."

Direba ya kashe rediyo, ya dogara sanda ya miƙe, ya karɓi tef daga hannunta. Ya duƙa da ƙyar a gefen karen, karen ya lashe masa kunne.

"To, Anti Tela, daga ina zan fara?"

"Daga wuya. A'a, ba nan ba, ƙasa kaɗan. Kada ka matse, ka sa yatsa biyu a tsakani. Baban yara, tef ɗin a juye yake!"

"Yo ni direba ne, ba tela ba."

"Juya shi dai. Maƙwabciya, miƙo mini alli."

Na miƙa mata. Tana tsaye a kan kujera, yana karanto mata awo, tana rubutawa a jikin bango, mai gadi yana ta ba karensa haƙuri. Washegari da hantsi rigar ta fito, kore mai ɗigon fari, ta kuma zauna wa karen cif.